Zuciya Ko Alƙalami: Wanne Ɗan Kasuwa Zai Bi?

A kowace kasuwa tamu akwai mutane iri biyu. Akwai wanda in an kawo masa haja zai dube ta sau ɗaya ya ce jikinsa ya ba shi akwai alheri a ciki, nan take ya zaro kuɗi ya biya. Akwai kuma wanda sai ya ɗauko littafi da biro, ya haɗa kuɗin saye da na mota da na 'yan dako da na fito, ya kwana ya tashi kafin ya ce uffan. Na farko yana yi wa na biyu dariya wai tsoro zai hana shi arziki, na biyu kuma yana cewa ɗan'uwansa caca yake yi da abincin iyalinsa. Tun da dai jarin mutum guminsa ne na shekara da shekaru, maganar ta fi ƙarfin musun bakin rumfa. To, wa ke da gaskiya? Manyan kamfanonin duniya sun jarraba hanyoyin nan biyu da maƙudan kuɗi, kuma abin da ya same su ya isa darasi.

Ranar da lissafi ya kunyata Coca-Cola

Tun daga 1975 kamfanin Pepsi a Amurka ya shiga wata talla, inda ake ba mutane kofi biyu na lemo ba tare da suna ba, a ce su kurɓa su zaɓa. Mutane da yawa suka riƙa zaɓen Pepsi domin ya fi zaƙi. Abin ya tayar da hankalin Coca-Cola ƙwarai. Shugaban kamfanin, Roberto Goizueta, ya sa aka haɗa sabon lemo mai ƙarin zaƙi, aka kuma yi gwajin ɗanɗano har kusan sau 200,000. Sakamako ya nuna sabon ya doke tsohon, ya kuma doke Pepsi. Ranar 23 ga Afrilu 1985 aka sanar da duniya an sauya ɗanɗanon da aka sani tun 1886.

Sai jama'a suka yi caa. Layin wayar kamfanin da ke karɓar kira kamar 400 a rana ya koma karɓar 1,500, kusan duk na masu fushi. Wasu suka riƙa sayen tsohon lemon suna ɓoyewa a gida. Kwana 79 kacal aka yi, a watan Yuli kamfanin ya dawo da tsohon ɗanɗano da sunan Coca-Cola Classic. Sabon kuwa ya yi ta jan ƙafa har aka daina yin sa a 2002.

Mai karatu ya lura, alƙaluman nan ba ƙarya suka yi ba. Tambayar da aka yi wa mutane ita ce ta gaza. An tambaye su wane kofi ya fi daɗi a kurɓa ɗaya, alhali abin da ya kamata a sani shi ne yadda za su ji in aka raba su da abin da suka taso suka ga iyayensu suna sha. Lissafi bawa ne mai biyayya, abin da ka aike shi shi zai kawo maka, ko da ba shi kake bukata ba.

Zuciyar da ta ci, ta kuma faɗi

A Japan kuwa labarin ya sha bamban. Masaru Ibuka, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa kamfanin Sony, yana son sauraron kiɗa in yana doguwar tafiya a jirgin sama, sai ya nemi a yi masa 'yar ƙaramar na'urar kaset. Abokin aikinsa Akio Morita ya gan ta ya ce a kai ta kasuwa. Ma'aikata da dillalai da yawa suka yi shakka: wa zai sayi rakoda da ba ta ɗaukar magana, ba ta kuma da lasifika sai abin sawa a kunne? Morita ya kafe. Ranar 1 ga Yuli 1979 aka fito da Walkman a kan yen 33,000. Watan farko ciniki ya yi sanyi, amma kafin ƙarshen Agusta guda 30,000 da aka fara ƙerawa sun ƙare, daga baya aka sayar da miliyoyi a duniya.

Masu son bin zuciya suna yawan kafa hujja da wannan labari, sai dai sukan manta da abu biyu. Na farko, tun 1946 Morita da Ibuka suke cikin wannan sana'a, wato sun shekara 33 suna kallon abin da mutane ke saye da abin da suke bari. Na biyu, mutanen nan su ne suka fito da bidiyon Betamax a 1975, suka sakankance shi zai mallaki kasuwa. Kaset ɗinsa na farko awa ɗaya yake ɗauka, na VHS da kamfanin JVC ya fitar a 1976 yana ɗaukar awa biyu, wanda ya fi dacewa da fim. VHS ya cinye kasuwa, har Sony da kansa ya fara ƙera shi a 1988. Shi ne kaset ɗin da aka riƙa sayar da finafinan Hausa a cikinsa a shekarun 1990. Zuciya ɗaya, kamfani ɗaya, sakamako biyu.

Abin da masana biyu suka gano

Akwai masana halayyar ɗan Adam guda biyu da suka daɗe suna saɓani a kan wannan batu. Daniel Kahneman, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 2002, ya yi rayuwarsa yana nuna yadda zuciya ke yaudarar mutum. Gary Klein kuma ya yi bincike a kan 'yan kwana-kwana, yana nuna yadda gwani ke yanke shawara daidai cikin ƙiftawar ido.

Klein ya ba da labarin wani jami'in kwana-kwana da ya shiga gida da mutanensa, suna fesa ruwa a ɗakin girki amma wuta ba ta lafa ba. Kwatsam ya ce kowa ya fita, shi kansa bai san dalili ba. Fitarsu ke da wuya daɓen da suka tsaya a kai ya rufta, ashe gindin gobarar yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Jami'in ya ɗauka wata baiwa ce ta gaibu. Da Klein ya yi ta yi masa tambayoyi, sai ta fito cewa zafin ɗakin ya wuce kima, wutar kuma ba ta ƙara irin yadda ya saba ji. Idonsa da kunnensa sun riga bakinsa ganewa.

Shi kuma Kahneman ya duba sakamakon wasu mutum 25 masu ba attajirai shawara kan hannun jari, na tsawon shekara takwas. Ya tarar wanda ya yi fice bana babu tabbacin zai yi fice baɗi, tamkar dai masu jefa ƙuri'a. Duk da haka kowannensu ya yi imani gwani ne.

A 2009 masanan biyu suka rubuta maƙala tare, suka yarda da juna a kan sharuɗɗa biyu. Ana iya amincewa da abin da jiki ya ba mutum idan harkar tana da alamomi masu maimaita kansu, idan kuma mutumin ya daɗe a cikinta yana ganin sakamakon hukuncinsa da wuri. Suka ƙara da cewa ƙarfin sakankancewar mutum ba shaida ba ce a kan daidai yake.

Ido ba mudu ba

Wannan bayani bai saɓa wa abin da muka sani ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Mahaucin da ya shekara ashirin yana zuwa kara zai dafa sa ya faɗi naman da zai fitar, kuma da wuya ya yi nisa da gaskiya, domin kullum wuƙa da sikeli suna gyara masa ƙiyasinsa kafin rana ta faɗi. Haka mai goro da ke gane wanda zai yi ajiya da wanda tsutsa ta shiga, haka mai atamfa da ta san zanen da zai tafi a sallah. Irin waɗannan in suka ce jikinsu ya ba su, ilimi ne na yau da gobe yake magana.

Matsalar tana zuwa ne in gwanin shanu ya ɗauki wannan sakankancewa ya kai ta inda bai taɓa kiwo ba. 'Yan kasuwar Nijar da Kamaru da Chadi ba za su manta da Janairun 1994 ba. Tun 1948 darajar sefa ba ta motsa ba a gaban kuɗin Faransa, mutane suka saba har suka ɗauka haka Allah ya yi ta. A taron Dakar aka karya ta da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100 daga ranar 12 ga wata. Wanda ya ci bashin kaya da kuɗin waje ya wayi gari bashinsa ya ninka biyu. Alamomi kuwa sun bayyana ga mai bin labarai, domin tun Agustan 1993 manyan bankunan yankin suka daina karɓar takardun sefa da aka fitar waje, sannan a Disamba Shugaba Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa, wanda ya daɗe yana adawa da karya kuɗin, ya rasu. Zuciya ba ta da abin faɗi a nan, tun da ba ta taɓa ganin irinsa ba. Sabo ne kawai, kuma an ce sabo turken wawa.

Akwai kuma inda kwaɗayi ke sa rigar zuciya. A 2016 tsarin MMM ya bazu a Najeriya da alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 kowane wata, duk da cewa mai shi, Sergei Mavrodi, ya taɓa kafa irinsa a Rasha ya rushe a 1994. Babban bankin Najeriya ya yi gargaɗi, jama'a suka ce hankalinsu ya kwanta da shi domin maƙwabci ya karɓi nasa. A Disamba aka rufe asusun mutane. Da an ɗauki biro na minti biyar, da an ga cewa naira 100,000 a wannan riba za ta haura naira miliyan 2.3 cikin shekara ɗaya. Wace sana'a ce a duniya ke ninka jari sau 23 a shekara? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

To, yaya mutum zai yi?

Kafin ka bi abin da jikinka ya ba ka, yi wa kanka tambaya uku. Sau nawa na taɓa yanke irin wannan hukunci? Na riƙa ganin sakamakonsa da idona, ko kuwa nasarorin kawai nake tunawa? In abin ya ɓaci, zan iya tashi? Wanda amsarsa ta farko ita ce sau ɗaruruwa, ya bi zuciyarsa a cinikin yau da kullum, kada ya ɓata lokaci har haja ta wuce shi. Wanda kuwa zai shiga sabuwar harka, ko zai sayar da gona ya zuba kuɗin wuri ɗaya, ko zai ci bashi da kuɗin wata ƙasa, to ya zauna da littafi, ya kuma nemi wanda ya riga shi shiga, musamman wanda ya faɗi a ciki. Matambayi ba ya ɓata.

Yana da kyau kuma ɗan kasuwa ya riƙa rubuta hasashensa ranar da ya yi shi, da dalilinsa. Bayan wata shida ya buɗe ya duba. Ta haka zai san inda zuciyarsa ke gani da inda take makanta, domin ƙwaƙwalwa gwana ce wajen share kurakuran mai ita.

Shi ma mai lissafi yana da nasa gargaɗin. In alƙaluma sun ce a yi, amma wani abu ya tsaya maka a rai, kada ka yi watsi da shi. Tsaya ka binciko mene ne, kamar yadda Klein ya binciki jami'in nan. Sau da yawa akwai tambayar da aka manta ba a yi ba, irin wadda Coca-Cola ya manta.

Iyayenmu sun daɗe da wannan tsari a babban al'amari kamar aure. Yaro ya ga yarinya ya ce ita yake so, ba a ƙaryata shi, amma sai an tura manya sun binciki asali da hali da sana'a kafin a kai goro. Aure da ƙaura da sauya sana'a abubuwa ne da mutum ke yi sau ɗaya ko biyu a rayuwa, babu mai gwanintar mahauci a kansu, shi ya sa ake aron idon waɗanda suka ga da yawa. Jarin da aka tara da gumi ya cancanci irin wannan bincike kafin a miƙa shi, domin da-na-sani ƙeya ce. Allah ya sa mu dace, ya kuma sa albarka a nemanmu.