Bayanan sabuwar siga a manhajar Ceph

Bayanan sabuwar siga takarda ce da masu haɗa manhaja ke fitarwa tare da kowace siga, domin a san abin da aka ƙara, abin da aka gyara da abin da aka cire. A manhajar Ceph, wadda ke rarraba ajiyar bayanai a kan kwamfutoci masu yawa, wannan takarda ita ce abu na farko da mai kula da rumbu yake karantawa kafin ya taɓa komai, domin kuskure wajen sabuntawa yana iya jawo asarar bayanai.

Asali

Ceph ta samo asali ne daga binciken digirin digirgir na Sage Weil a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz a Amurka. Manhaja ce mai buɗaɗɗen tushe, wato kowa yana iya duba lambobinta, ya gyara, ya kuma ba da gudummawa. Kamfanin Red Hat ya sayi Inktank, kamfanin da Weil ya kafa domin Ceph, a shekarar 2014, sannan aka kafa Gidauniyar Ceph a 2018. Cibiyar binciken kimiyya ta CERN na cikin manyan masu amfani da ita.

Sunaye da lambobi

Kowace babbar siga tana da suna, ana bin jerin haruffan boko, kuma sunayen suna da alaƙa da halittun teku masu hannaye da yawa. Ta farko ita ce Argonaut a 2012. Daga baya an samu Luminous a 2017, Pacific a 2021, Reef a 2023 da Squid a 2024. Lambar tsakiya ce ke nuna matsayin siga: 0 tana nufin ana kan aiki, 1 tana nufin ta gwajin ƙarshe, 2 kuwa tabbatacciya ce. Ke nan 16.2.7 tana nufin gyara na bakwai a kan tabbatacciyar sigar Pacific.

Yadda ake rubuta su

Ba a jira sai ranar fitarwa kafin a fara rubutu. A cikin rumbun lambobin Ceph akwai wani fayil mai suna PendingReleaseNotes. Duk wanda ya kawo canjin da zai shafi mai amfani, kamar sauya tsayayyen saiti ko cire wani umarni, ana son ya ƙara bayaninsa a wannan fayil tare da canjin nasa. Dalili kuwa shi ne, wanda ya yi canjin ya fi kowa sanin illarsa, kuma bayan wata shida shi ma yana iya mantawa.

Idan lokacin fitarwa ya yi, sai a kwashe waɗannan bayanai a tace su, a saka su a shafin sigar. Dogon jerin gyare-gyaren da ke ƙasan shafin kuwa, wata ƙaramar manhaja ce ke tattaro shi daga canje-canjen da aka amince da su. Ba kasafai ake karanta jerin duka ba. Abin da aka rubuta da hannu a sama shi ne mai nauyi.

Matakan sabuntawa

Galibi ba a kashe rumbun Ceph domin a sabunta shi. Ana bin kwamfutocin ne ɗaya bayan ɗaya alhali mutane na ci gaba da aiki, don haka tsohuwar siga da sabuwa sukan zauna tare na ɗan lokaci. Shi ya sa bayanan babbar siga ke fayyace jerin da za a bi: a fara da masu sa ido kan rumbun, sai manajoji, sai masu riƙe da faifai, sannan masu kula da bayanan fayiloli da ƙofofin shiga. Suna kuma faɗin tsofaffin sigogin da za a iya tasowa daga gare su kai tsaye.

A nan ne ake sanar da canjin da ba ya da komawa baya. Luminous ta mayar da BlueStore tsayayyar hanyar rubutu a kan faifai, a madadin FileStore. Bayan shekara shida, bayanan Reef suka sanar da daina tallafa wa FileStore, wanda ke nufin dole mai tsohon faifai ya sauya shi kafin ya sabunta.

Gyara bayan fitarwa

Takardar ba ta rufuwa ranar da siga ta fita. An fitar da 16.2.6 a watan Satumban 2021. Bayan wasu makonni aka gano wani kuskure da ke iya lalata bayanai yayin da ake sauya tsarin ajiyar OMAP a rumbunan da aka sabunta zuwa Pacific. Sai aka koma kan bayanan da aka riga aka wallafa, aka saka gargaɗi mai kwanan wata 1 ga Nuwamba 2021, cewa kada a sabunta zuwa Pacific daga tsohuwar siga. Matsalar tana da nasaba da wani saiti da ke yin wannan sauyi kai tsaye idan an tayar da faifai. Gyaran ya zo a sigar 16.2.7 a watan Disamba na wannan shekara.