Ba a Kulle Kowa a Unguwarsa a Oxford Ba

Wani saƙo na ta yawo a zaurukan WhatsApp na dangi da na tsofaffin ɗalibai, daga Kano zuwa Maraɗi, har da na 'yan uwa mazauna Birtaniya. Tafe yake da bidiyon dandazon Turawa riƙe da kwalaye, da muryar wani da bai faɗi sunansa ba yana ta rantse-rantse. Wai an raba birnin Oxford na Ingila gida shida, an kafa ƙofofin lantarki, ba mai nisantar gidansa fiye da tafiyar minti 15 sai da izinin hukuma. Wai kuma Birtaniya ta haramta gina tituna, za a ƙwace motocin fetur a 2030, masu adawa da sababbin hanyoyi sojojin haya ne, sannan ƙasashen Afirka na nan tafe a layi.

Masu turawa ba da mugun nufi suke yi ba. Uwar da ɗanta ke karatu a Ingila dole hankalinta ya tashi in ta ji haka. Wanda ba shi da uzuri shi ne wanda ya zauna ya kitsa saƙon, domin takardun hukumar da yake zargi a buɗe suke ga kowa tun shekarar 2022. Ko dai bai duba ba, ko kuma ya duba ya zaɓi tsorata mutane, kuma duka biyun laifi ne.

Ƙananan zarge-zargen ba sa buƙatar dogon bayani. Birtaniya ba ta haramta gina tituna ba. Gwamnatin yankin Wales ce ta jingine yawancin manyan ayyukan hanyoyinta a watan Fabrairu 2023 bayan wani bincike, ta bar wasu suka ci gaba. Gwamnatin Birtaniya ta soke aikin hanyar ƙarƙashin ƙasa ta kusa da duwatsun tarihi na Stonehenge a 2024 saboda kuɗi, amma ita ce dai ta amince da haƙa wata sabuwa a ƙarƙashin kogin Thames a 2025. Batun 2030 kuwa ya shafi sayar da sababbin motocin fetur da dizal ne kawai. Mai tsohuwar mota zai ci gaba da hawan abarsa, ya sayar in ya ga dama. Zancen sojojin haya bai zo da hujja ko guda ba. Haka na Afirka: saƙon bai kawo sunan wata doka ko yarjejeniya ba.

Zargin kulle mutane shi ne mai haɗari, shi ne kuma ya cancanci a zauna a kansa.

Abubuwa biyu daban aka cuɗanya, na hukumomi biyu daban. Na farko shi ne tunanin “birnin minti 15”, wanda Farfesa Carlos Moreno na jami'ar Sorbonne a Faransa ya fito da shi a 2016, magajiyar garin Paris ta lokacin, Anne Hidalgo, kuma ta ɗauke shi a yaƙin neman zaɓenta na 2020. Ma'anarsa a tsara gari yadda mutum zai iya kaiwa ga makaranta, asibiti, kasuwa da wurin shan iska cikin kwata ɗin awa, a ƙafa ko a keke. Wanda ya san tsohuwar unguwa a cikin birnin Kano ko Katsina, inda masallaci da makarantar allo da mai kanti duk suke 'yar tafiya kaɗan daga ƙofar gida, ya riga ya san abin da ake nufi, kuma bai taɓa jin kusancin nan ya hana kowa zuwa Kurmi ko Sabon Gari ba. Majalisar birnin Oxford ta sanya wannan buri a daftarin tsarin gine-ginenta na zuwa 2040. Babu maganar tara ko hani a cikinsa. Magana ce ta inda za a gina me.

Na biyu na majalisar gundumar Oxfordshire ne, mai kula da hanyoyi. A watan Nuwamba 2022 ta amince da gwada taƙaita wucewar motoci a wurare shida a kan wasu tituna, irin su St Clements, Thames Street da Hollow Way. Ba ƙofa, ba shinge, ba katanga. Kyamara ce mai karanta lambar mota. Motar gida da ta ratsa ɗaya daga cikin wuraren a sa'o'in da aka hana, ba tare da izini ba, za a ci tarar mai ita fam 70. Mai tafiya a ƙafa, mai keke, mai babur, bas, tasi da motocin kaya duk ba ruwansu da dokar. Naƙasassu da masu kula da marasa lafiya an yi musu tanadin izini. Mazauna birnin kuma an ware musu kwana 100 a shekara da za su wuce yadda suka saba, na sauran gundumar kwana 25.

Ga abin da saƙon ya ɓoye: ko mutum ba shi da izini, babu gida ko shago a Oxford da ba zai iya zuwa da motarsa ba, a kowane lokaci. Abin da zai canja shi ne hanyar da zai bi. Maimakon ya ratsa ta tsakiyar gari, sai ya zagaya ta titin zobe. Dalili kuwa shi ne Oxford tsohon gari ne mai ƙuntatattun tituna, bas-bas na maƙalewa a cunkoso, ana so a sarara musu hanya.

Ba a Oxford aka fara ba. Birnin Groningen na ƙasar Holan ya raba tsakiyarsa gida huɗu tun 1977, motoci na zagayawa daga wani sashe zuwa wani ta titin kewaye. Ghent a Beljiyam ya bi sahu a 2017. Mutanen garuruwan nan na zuwa aiki, suna ziyartar dangi, suna fita ƙasashen waje, kusan shekara hamsin ke nan a Groningen, ba a kulle kowa ba.

Akwai gaskiya a cikin saƙon, kuma ɓoye ta ba zai taimaki kowa ba. Bidiyon na gaske ne: dubban mutane sun yi zanga-zanga a Oxford ranar 18 ga Fabrairu 2023. Akwai kyamarori, akwai biyan kuɗi. An jinkirta shirin saboda rufe titin Botley da aikin tashar jirgin ƙasa ya jawo, kuma a watan Oktoba 2025 gundumar ta fara karɓar fam 5 a rana a wuraren nan shida a matsayin matakin wucin gadi. Mai shagon da ke tsoron raguwar ciniki, da ma'aikacin da zagayen zai ƙara masa nisa da kuɗin mai, da mazaunin titin da motocin da aka kora za su koma kansa, da mai damuwa da yawan kyamarorin hukuma, dukkansu na da ƙorafi mai ma'ana. Ko shirin zai rage cunkoso yadda aka yi alkawari, wannan sai an auna, kuma masana na saɓani a kan yawan motocin da ke karkata zuwa titunan gefe idan an taƙaita wasu. Duk wannan abin muhawara ne. Amma “za ka zagaya” da “ba za ka fita ba” ba magana ɗaya ba ce.

Ƙaryar ta riga ta yi ɓarna. Kansiloli da ma'aikatan majalisun biyu sun sha zagi da barazanar kisa, har sai da hukumomin suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa a watan Disamba 2022 suna ƙaryata labarin. Moreno, malamin jami'a da bai kafa kyamara ko ɗaya a ko'ina ba, shi ma an yi barazanar kashe shi. Jita-jitar ta kai har bakin manya: a watan Oktoba 2023 ministan sufuri na lokacin, Mark Harper, ya tsaya a taron jam'iyyarsa yana gargaɗi kan majalisun da za su ƙayyade wa mutane sau nawa za su je kanti, alhali ba a nuna wata majalisa da ta gabatar da haka ba. Daga baya majalisar birnin Oxford ta cire lafazin minti 15 daga daftarinta saboda ya zama abin tayar da fitina. An kai matsayin da mai neman a gina asibiti kusa da talakawa sai ya fara rantsuwa cewa ba kurkuku yake shiryawa ba.

Su kuwa masu adawa da sababbin tituna, tarihinsu ya girmi wannan hayaniya. A 1992 sun tsaya a Twyford Down don hana babbar hanyar M3 ta yanka wani tudu, a 1996 wasunsu sun kwana a kan bishiyoyi a Newbury. Hujjarsu mafi ƙarfi daga gwamnati ta fito: a 1994 wani kwamitin ƙwararru da ke ba ta shawara ya tabbatar da cewa sabon titi na iya haifar da sabuwar zirga-zirga. Idan hanya ta yi sauƙi, wanda da yake hawa bas sai ya ɗauki mota, wanda yake kusa sai ya koma nesa, har titin ya sake cika. A 2011 masana tattalin arziki Gilles Duranton da Matthew Turner sun gano cewa a biranen Amurka yawan tuƙi na ƙaruwa kusan daidai da yawan titin da aka ƙara. Hanyar Katy a Houston, da aka faɗaɗa a 2008 kan kusan dala biliyan 2.8, cikin 'yan shekaru cunkoson safe da yamma ya dawo, duk da cewa ƙaruwar jama'ar birnin na da hannu. Ga kuma hayaƙi: a watan Disamba 2020 wani mai binciken mutuwa a Landan ya yanke cewa gurɓatar iska na cikin abin da ya kashe Ella Adoo-Kissi-Debrah, yarinya 'yar shekara 9 mai ciwon asma da ke zaune kusa da wani babban titi.

Wannan hujja ta birane ce masu tituna birjik. Ba ta ce ƙauyen da tumatirinsa ke ruɓewa saboda rashin hanya kada a yi masa kwalta ba.

Abin da ya sa saƙon ya kama zukata a nan ba ɓoyayye ba ne. Mutanen Kano ba su manta kullen korona na Afrilu 2020 ba, ba su manta yadda aka hana acaɓa a watan Janairu 2013 ba, dubban matasa suka wayi gari ba sana'a. Wanda ya ga haka yana da dalilin zargin hukuma. Sai dai ƙaryar Oxford talaka take cuta. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu 2023, kuɗin mota ke cinye albashin ma'aikaci, kuma yawancin masu tura saƙon a adaidaita sahu ko a ƙafa suke zuwa kasuwa. Su ne za su fi amfana da bas mai araha da ke da layinsa, da gefen titi na masu tafiya a ƙafa, da makarantar da yaro zai je ba sai ya tsallaka titi mai hannu huɗu ba. Idan aka cusa musu cewa duk mai wannan magana wakilin makirci ne, to duk ranar da aka sanar da sabuwar gadar sama ta biliyoyin naira, ba za a samu mai tambayar bas nawa kuɗin zai saya ba, shaguna nawa za a rushe, kuma ta ina tsohuwa da ɗan firamare za su tsallaka.