Gidan Da Aka Shafa Wa Jan Fenti: Garaɓasa Ko Tarko?

Kwanakin baya wani dillali da muka daɗe muna hulɗa ya kai ni wani kango a bakin titi. Rufinsa ya rufta, bango ya tsage, ga jan fentin hukuma ɓaro-ɓaro a jikin katanga. Ya ce: "Alhaji, magada ne ke son raba gado, a rabin kuɗi za su sallama." Na nemi ya ba ni mako guda, domin araha ba ta ado.

Mai karatu, jan fenti iri biyu ne. Akwai wanda aka shafa saboda ginin ya zama haɗari ga jama'a; wannan ana iya cinikinsa. Akwai kuma wanda aka shafa saboda filin kansa ya hau hanya, ko magudanar ruwa, ko yana ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Wannan ko kyauta aka ba ka, wahala ka karɓa. Duk wanda ya ga rusau ɗin Abuja tsakanin 2003 da 2007, zamanin ministancin Malam Nasiru El-Rufa'i, ya san katafila ba ta tambayar nawa ka saya.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha amana a hannun gwamna. Sashe na 22 ya wajabta amincewarsa kafin a sayar da fili mai takardar mallaka, na 28 kuma ya ba shi ikon soke mallakar domin amfanin jama'a. In aka soke, diyya a kan abin da aka gina take, ba a kan filin ba. To, nawa za a kimanta kango?

Saboda haka lissafina bai fara daga gidan ba. Na tambayi kuɗin fili irinsa a unguwar, sannan na cire ladan masu rushewa, da na tifofin kwashe ɓaraguzai, da bashin harajin fili da ya taru, da kuɗin lauya da na neman amincewa, da watannin da jarina zai kwanta. Tsohon kwano da rodi, waɗanda dillalin ya yi ta kurantawa, ko kuɗin tifa ba za su biya ba.

Binciken lauyana ya nuna filin lafiyarsa lau. Sai dai rabin kuɗin nan, da aka tara, ya zarce kuɗin fili tsurarsa. Na taya ƙasa da haka, da sharaɗin kowane magaji ya sa hannu, har da ƙanwarsu da ke aure a wani gari. Har yau dillalin bai dawo ba.