Ƙasar tukunya

Wad Madani gari ne a ƙasar Sudan, a bakin kogin Nilu Shuɗi. Akwai ƙauyukan Hausawa da yawa a yankin Jazira da ke kewaye da shi. Tun shekarar 1925, da aka gama madatsar ruwa ta Sannar, ake noman rani a wurin.

Ƙasar Jazira baƙar laka ce. In ta jiƙe, sai ta yi danƙo. In ta bushe, sai ta tsage har hannu ya shiga. Auduga da dawa suna jure mata. Amma ɗan icen da aka shuka cikin tukunya ko leda ba ya jurewa. Ruwa yakan kwanta, saiwa ta ruɓe, wahalar watanni ta tafi a banza.

Akwai wata matsala kuma, wadda ido ba ya gani. Wata ƙasa tana da tsami kamar tsamiya. Wata kuwa halin kanwa gare ta. Masana suna auna wannan da ma'auni mai suna pH. Lamba 7 ita ce tsakiya. Abin da ya gaza 7 tsami ne, abin da ya wuce 7 ɓangaren kanwa ne. Lakar Jazira takan wuce 8. A irin wannan ƙasa, saiwa ba ta iya tsotsar sinadarin ƙarfe sosai. Shi ya sa sabon ganyen lemu yakan yi rawaya, jijiyoyinsa kaɗai su rage kore.

Ruwan zoɓo yana nuna bambancin. In an matsa masa lemun tsami, jansa sai ya ƙara haske. In an jefa masa kanwa, sai ya yi duhu, ya koma kore-kore.

Don haka mai renon dashe ba ya cika tukunya da lakar gona. Yakan ɗebo lallausar ƙasar da kogi ya kwaso daga duwatsun Habasha ya zube a gaɓa. Kwano 2 nata, kwano 1 na rairayi, kwano 1 na tsohon taki da ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Toka kuwa ba ta shiga ko kaɗan, domin ita ma ƴar uwar kanwa ce. Sai a huda gindin tukunyar don ruwa ya fita.

Wasu itatuwa sun fi lemu tsirfa. Bulubari, wani ɗan ice na Amurka ta Arewa mai ƴaƴa shuɗɗa kamar na ɗinya ƙanana, yana son ƙasa mai pH 4,5 zuwa 5,5. Masu shuka shi a tukunya sukan haɗa ruɓaɓɓen gansakuka da ɓawon itace, su barbaɗa garin farar wuta kaɗan. Ƙananan halittun cikin ƙasa ne ke juya farar wutar ta zama tsami, kuma aikin yakan ɗauki watanni. Sannan ruwan sama ake ba shi, don ruwan rijiya mai gartsi yana kashe tsamin a hankali.