Mai ɗaura kyamarar tsaro: ina aikinsa ya tsaya, ina na mai aikin kuran ya fara?

Kyamarar tsaro ta fara zama abin yau da kullum a garinmu na Gure. Ana ganinta a ƙofar butik, a farmasi, a wuraren aika kuɗi da gidajen mai na bakin babbar hanyar Damagaram zuwa Diffa, har da wasu gidajen kwana. Matasanmu da dama sun samu abin yi da ita, kuma muna yi musu murna. Amma akwai tambayar da mai gida ba ya yawan yi kafin ya ba da aiki: shin wanda ya iya ɗaura kyamara, ya iya taɓa kuran ɗin gida? Amsar ita ce ba lallai ba. Ga dalili.

Kuran biyu ne a cikin aiki ɗaya

Yawancin kyamarorin da ke kasuwa suna aiki ne da ƙaramin kuran mai ƙarfin bolt 12. Wasu kuma ta wayar intanet ɗinsu suke shan wuta, wajen bolt 48. Idan hannu a bushe yake, bolt 12 ba ya kashe mutum. Ɗaura kyamara a bango, jan wayarta, haɗa ta da na'urar ajiye hoto, saita ta a salula, duk wannan aikin mai kyamara ne.

Sai dai ita na'urar, da cajar kyamarorin, daga firis ɗin bango suke ci, kuma abin da NIGELEC ke kawowa gida bolt 220 ne. Masana sun ajiye iyakar haɗari a bolt 50 a wuri busasshe, bolt 25 a wuri mai laima. Ke nan wutar gida ta ninka iyakar fiye da sau huɗu. Wutar da ba ta kai ta kunna ƙaramin ƙwan fitila ba, in ta ratsa ƙirji, tana iya tsayar da numfashi ko ta rikita bugun zuciya.

To ga inda matsala take. Sau da yawa babu firis a inda ake son ajiye na'ura. Sai mai gida ya ce: "Ai ɗan ƙaramin aiki ne, jawo mini daga can." Daga lokacin da aka fere wayar bango, ko aka buɗe akwatin dijontar, an bar aikin kyamara an shiga aikin lantarki. Wuta kuwa ba ta san ƙaramin aiki ba.

Abin da ba na kowa ba

Kwantar, da duk abin da ke gabanta har zuwa falwaya, hurumin NIGELEC ne. Mai kyamara ba shi da hannu a nan, mai aikin kuran na unguwa ma haka. Cire hatimin kwantar ko jan wuta ta bayanta laifi ne a dokar lantarki ta ƙasa ta shekarar 2016, kuma mai gida ne zai fara amsa tambaya. Duk wanda ya ce muku zai jawo wa kyamara wuta kai tsaye don kada ta ci muku kuɗi, ku sallame shi.

Wace takarda za a nema?

A tsarin koyon sana'a na ƙasarmu, mai son aikin lantarki yana da ƙofofi da dama. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a matakin kwamin, da makarantun CET a matakin gunduma, sai manyan makarantun fasaha irin ta Dan Kassawa da ke Maraɗi. Takardun da aka fi sani su ne CAP da BEP a fannin lantarki. Ga wanda ya koyi aiki a hannun ubangidansa ba tare da ya shiga aji ba, asusun FAFPA yana tallafa wa horo na gajeren lokaci domin masu sana'ar hannu.

A lura da abu ɗaya: takardar horon kyamara daban, ta lantarki daban. Wanda ya yi horon sati biyu a kan saita kyamara bai zama mai aikin kuran ba.

Sauran ƙasashe ma sun raba. A Faransa, ma'aikacin da ba lantarki ya karanta ba amma aikinsa na kai shi ga wuta, sai ya yi horo ubangidansa ya ba shi izini a rubuce. Ƙaramin matakin izinin, wanda suke kira BS, ya ba shi damar canza firis ko makunni da ya lalace, ko haɗa na'ura a layin da aka riga aka tanada, bayan ya kashe wuta. Bai ba shi damar jan sabon layi ba. A Najeriya kuwa, inda yaranmu da yawa ke zuwa koyon aiki a Kano, hukumar NEMSA ce ke yi wa masu haɗa wutar gini jarrabawa ta ba su shaida.

Tambayoyi biyar kafin a ba da aiki

Takarda ba ta hana a gwada mutum. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

1. Yaya zai tabbatar wuta ta mutu? Wanda ya sani zai ce: a kashe dijontar, a hana kowa mayar da ita, sannan a auna da na'urar awo. Ɗan sukudireba mai fitila kaɗai bai isa ba.
2. Wace waya zai sa? Layin firis yana son mai kaurin 2,5, ta fitila kuma 1,5. Siririyar waya zafi take yi, daga nan sai gobara.
3. Ya san launuka? Shuɗiya ita ce mai komawa, mai kore da rawaya ta ƙasa ce, ja ko ruwan ƙasa ita ke ɗauke da wuta.
4. Akwai dijontar mai kare mutum, wadda aka rubuta 30 mA a jikinta? Ita ce ke yanke wuta nan take idan ta fara bi ta jikin mutum.
5. Ina zai ɓoye mahaɗar waya? Cikin akwati mai murfi, ba a naɗe da leda a bar ta tana lilo ba.

Abin da ya shafi Gure musamman

Na farko, yashi. Busasshen yashi ba ya shan wuta da kyau, don haka ƙarfen da ake kafawa a ƙasa domin kariya, in an soka shi sama-sama, ado ne kawai. Sai an nutsa shi sosai, ko a ƙara wasu, kuma a auna.

Na biyu, sola. Tun lokacin da Najeriya ta yanke wa ƙasarmu wuta a watan Agustan 2023, kafin ta mayar a Maris na 2024, mutane da yawa sun koma ga fanno da batir. Mutane na ɗauka wutar rana ba ta da haɗari. Ba haka ba ne. Na'urar da ke juya wutar batir bolt 220 take fitarwa, daidai da ta NIGELEC. Kana iya kashe kwantar, amma bango na nan da wuta daga sola ko daga injin. Shi kansa batir, in bakinsa biyu suka haɗu, yana narka waya cikin ƙiftawar ido, shi ya sa ake sa masa fiyus a kusa.

Na uku, yanayi. Zafin Afrilu da Mayu ya kan wuce digiri 40, yana busar da robar waya har ta tsage. Ƙurar hunturu na shiga na'ura, damina kuma ga ruwa ga tsawa. Wayar waje a sa ta cikin bututu, kyamarar waje a duba tana da alamar IP66, na'urar ajiya kuma kada a kulle ta inda iska ba ta shiga.

Akwai kuma wata alama da ke tona asirin aikin ganganci: kyamara na yi da rana, da dare ta ɗauke. Sau da yawa dalili shi ne wayar bolt 12 ta yi tsawo ko ta yi siriri, fitilun ganin dare na kamawa sai wuta ta kasa. Wayar intanet ma iyakarta mita 100.

Kyamara da mutuncin maƙwabci

Ƙwarewa ba a waya kaɗai ta tsaya ba. Hoton mutum yana cikin bayanan da doka ta kare tun 2017, aka sabunta dokar a 2022, kuma hukumar HAPDP ce ke sa ido a kai. Ban da doka ma, mu nan mun san darajar cikin gida. Kada a juya kyamara ta leƙa tsakar gidan maƙwabci inda iyali ke harkokinsu. Idan an gama aiki, mai gida ya canza lambar sirri da hannunsa, don kada hoton gidansa ya ci gaba da zuwa salular wanda ya ɗaura.

Idan tsautsayi ya faru

Kada a kama wanda wuta ta riƙe da hannu. A kashe dijontar tukuna, in ba ta kusa a ture shi da busasshiyar sanda. A kai shi asibiti ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, domin zuciya kan nuna alama daga baya.

Shawararmu ga masu gida: a raba aikin gida biyu. Mai aikin kuran ya kawo firis mai kariya, mai kyamara ya ɗora daga nan, kowa a rubuta abin da ya yi da lambarsa. Ƴan jikunan da za a ƙara ba su kai kuɗin kayan butik ɗaya ba, balle rai. Ga matasanmu masu wannan sana'a kuwa, ku leƙa cibiyar koyon sana'a ko ma'aikatar magajin gari ku tambayi horon lantarki. Mai takarda biyu shi zai riƙa ɗaukar aikin gaba ɗaya, kuma shi za a sake kira gobe.