Ƙwayar Cuta Ma Tana Da Ganuwarta

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Akwai wasu ƙwayoyin cuta da likitoci ke kira bakteriya, waɗanda sai an jera wajen dubu kafin su kai kaurin farce. Amma kowace tana da abin da take kare kanta da shi, kuma matar da ta san shi ta san ta inda za ta ɓullo mata.

Da farko akwai bango. Yadda mutanen da suka kewaye birnin Daura da ganuwa, haka ƙwayar take kewaye da bango mai ƙarfi, in ya rushe sai ta fashe. Maganin fenisilin da Alexander Fleming ya gano a Ingila a 1928, aikinsa ke nan, hana ta gina bangon. Don haka in likita ya ce yaro ya sha magani kwana biyar, kada a tsaya a kwana biyu don an ga sauƙi.

Wasu kuma suna da riga mai santsi a bayan bangon, wadda ke hana dakarun jini kama su. Irin wannan ce ƙwayar sanƙarau, wadda ta halaka mutum fiye da 11,000 a Nijeriya a 1996, galibinsu a Arewa. Daga wannan riga masana suka haɗa allurar da aka soma yi a 2011 a jihohi biyar, har da Katsina, don jiki ya gane rigar tun maƙiyi bai iso ba.

Sai yauƙi. Uwargida, sa hannu cikin randa ki shafa. Santsin nan da kika ji, ƙwayoyi ne suka taru suka lulluɓe kansu suka manne. Ɗauraya ba ta fitar da shi. Ko daga rijiyar Kusugu aka ɗebo ruwan, in randa ba ta ga soso da sabulu ba, an yi aikin banza. A riƙa sāɓe ta, a rufe, a keɓe mata moɗa guda.

Wadda ta fi taurin kai ita ce ta sarƙewar haƙora. In ta ga wuya sai ta dunƙule cikin ƙwanso kamar ƙwallon goruba, ta yi shekaru cikin ƙasa da kashin dabbobi, ba ci ba sha. Tafasa ma ba kullum take kashe ta ba. Da ta sami cibiyar jariri sai ta farka. Cikin mako guda ko biyu yaro ya daina kama nono, jiki ya sandare, a ce iska ce. Dabara ita ce a yanke cibiya da sabuwar reza, kada a shafa mata toka ko ƙasa, mai ciki kuma ta je awo ta karɓi allura aƙalla sau biyu, wata guda tsakani.

Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku da ungozomar unguwarku wannan. Rigakafi ya fi magani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.