Karen da muka tsinta: wa zai kula da shi in mun tafi aiki?

A garuruwanmu kamar Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, muna yawan ganin karnukan da ba su da mai su. Suna kwana a bakin kasuwa, ko kusa da mayanka, ko bisa juji. Wata rana yaro ya tsinci ɗan kwikwiyo a gefen hanya ya kawo gida. Wata rana kuma maigida ne da kansa zai ga ramammen kare, tausayi ya kama shi, ga shi kuma yana bukatar mai gadin garke da rumbu. Malamanmu sun yarda da ajiye kare don tsaron gona, ko dabbobi, ko don farauta. Makiyayan Azawak, arewa da Tawa, sun daɗe suna zaune da dogayen karnukansu.

Amma makiyayi tare da karensa yake yini. Mu kuwa da yawanmu tun da safe muke fita. Wani ya tafi biro, wani kasuwa, wani gona ko garka, ba mu komowa sai la'asar ko magariba. To, kafin mu ce wa yaro ya ajiye kwikwiyon nan, sai mu tambayi kanmu: wa zai kula da shi tsawon yini?

Abu biyu ne mutane suka saba yi, kuma duka biyun ba su da kyau. Na farko, a ɗaure kare da gajeriyar igiya a tafi. Da safe wurin yana da inuwa, da azahar inuwa ta gusa, kare yana cikin rana. Kare ba ya yin gumi kamar mutum. Da haki yake rage zafin jikinsa, shi ya sa muke ganin harshensa waje. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce awo 40, karen da ba shi da inuwa da ruwa yana iya mutuwa kafin mu dawo. Wanda bai mutu ba kuma, yawan ɗauri yana sa shi faɗa, har ya kai ga cizon yaran gida. Na biyu, a sake shi ya yi ta yawo cikin gari. Wannan bai sami gida ba ke nan, ya dai sami inda zai ci tuwon dare. Yana cuɗanya da karnukan juji, kuma duk cutar da ya ɗauko, gida zai kawo mana.

Cutar da ta fi ban tsoro ita ce haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin miyan karen da ya kamu. Tana shiga jikin mutum ta cizo, ko ta yakushi, ko in kare ya lashi wurin da ke da rauni. Daga nan ta bi jijiya sannu sannu har ƙwaƙwalwa. Galibi takan yi wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, wani lokaci sati 1 kawai, wani lokaci har shekara. In alamunta suka fito, kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum wajen 59.000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Cikin kowane mutum 10 da ta kashe, wajen 4 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Yara ne ke wasa da kare, kuma su ne ke ɓoye cizo don tsoron duka.

Karen da muka tsinta, ba mu san inda ya fito ba, ba mu san abin da ya cije shi ba. Yana iya zama lafiya lau a ido alhali cutar tana jikinsa. Saboda haka ranar farko ba ranar wasa ba ce. Mu kai shi ma'aikatar kiwo, likitan dabbobi ya duba shi. Ana yi wa kare allurar rigakafin hauka tun yana ɗan wata 3, a riƙa maimaitawa kowace shekara, ko yadda likitan ya faɗa. Mu adana takardar allurar kamar yadda muke adana ta yaranmu. Sai dai mu gane wani abu: allura ba ta warkar da karen da ya riga ya kamu. Don haka a kwana 15 na farko a keɓe shi, yara su yi nesa da shi, babba ɗaya ya riƙa ba shi abinci. Bayan haka ma a ci gaba da sa masa ido har wata 6. In halinsa ya sake, yana dalalar da miyau, yana cizon itace da dutse, ko muryarsa ta sauya, ko ƙafafun baya suka mutu, kada kowa ya taɓa shi. A rufe shi, a kira ma'aikatan kiwo.

Ga inda aikinmu na yini yake da matsala. Wanda ba ya gida ba zai ga waɗannan alamu ba. Dole a sami babban mutum da ya yarda zai duba karen da rana: uwargida, ko ƙane, ko maƙwabci. Mu nemi yardarsa tukuna. Sau da yawa maigida ne ke kawo kare, wahalar kuma ta faɗa kan matar gida wadda ba a yi shawara da ita ba. In da hali, mu kawo karen a lokacin da muke da hutun kwana biyu ko uku, don ya saba da mu da gidan.

A ganinmu, ga mai yini wurin aiki, babban kare mai sanyin hali ya fi ɗan kwikwiyo sauƙi. Kwikwiyo yana cin abinci sau 3 ko 4 a yini, kuma ba ya jure kaɗaici. Babban kare kuwa, safe da dare sun ishe shi.

Wurin zamansa ya kasance mai inuwa daga safe har maraice: rumfa ko gindin itace, a kewaye da danga mai ƙarfi, nesa da kaji da ƴan awaki har sai ya saba da su. In ɗaurin ya zama dole, igiya ta yi tsawo. Ruwa kada ya yanke. Kare matsakaici yana shan kusan lita 1 a yini, da bazara ya fi haka. A ba shi kaskonsa na kansa, mai nauyi, wanda ba zai kifar ba, kuma kada a haɗa shi da kwanonin gida. Kafin mu fita da safe, da bayan mun dawo, mu zaga da shi da igiya ko na minti 20 ne. Karen da ya motsa jiki ba ya hana maƙwabta barci da haushi.

Ragowar tuwo da dambu da ɗan nama ko kifi suna yi masa. Amma albasa mai yawa tana lalata jininsa, ƙashin kaza dafaffe kuma yana tsagewa ya soke masa hanji. Kada mu jefa masa ɗanyen huhu ko hanta masu ƙullutun ruwa da mahauta suka yar. Daga nan yake ɗaukar wata tsutsa wadda ƙwanta ke fita cikin kashinsa, ya kama tumaki, ya kama mutane. A ba shi maganin tsutsar ciki kowane wata 3, a cire masa kaska, a binne kashinsa, a wanke hannu da sabuni bayan an taɓa shi.

Allurar kare ba mai karen kaɗai take amfana ba. Masana sun nuna cewa in aka yi wa karnuka 7 cikin 10 na gari allura, cutar takan daina yaɗuwa. An gwada haka a Njamena, babban birnin Cadi, a shekarun 2012 da 2013, kuma haukan kare ya ragu ƙwarai a birnin. Ranar 28 ga watan Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya.

In kuwa kare ya ciji wani, namu ne ko na wani, kada a jira maigida ya dawo daga aiki. Nan take a wanke wurin da ruwa mai yawa da sabuni har minti 15 cur. Kada a sa toka, ko barkono, ko ƙasa, kada kuma a ɗaure raunin tamau. A tafi gidan likita a ranar, ko da raunin ƙarami ne, don a fara allurar rigakafi, kuma a cika adadin alluran da likita ya rubuta. Karen da ya yi cizon, in ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, kada a kashe shi. A rufe shi da ruwa da abinci, likitan dabbobi ya riƙa duba shi har kwana 15. Wannan bayani, mu karanta wa duk wanda muke bari a gida, har da yara.